Ɗiyarki ta tafi Abijan? Ki ce mata ta leƙa tukunyar maƙwabta



Da wuya a sami ƙungiya a yankin Tawa ko Maraɗi wadda ba ta da ɗiya ko ƙanwa da aure ya kai kurmi, galibi Abijan, wajen miji ɗan bida. Kun san yadda muke haɗa mata kaya: kuka, busasshiyar kuɓewa, yakuwa, daudawar batso, garin gero ƙulle cikin leda biyu. Sannan mu ɗora gargaɗi a kai: "Ki kama kanki, kar ki shiga ɗakin kowa, kar ki ci abin da ba ki sani ba." Kayan miya dai ba ni da ja a kansu. Gargaɗin ne nake so mu sake dubawa.

Na zauna shekara huɗu a Abobo, don haka ba jita-jita nake ba ku ba. Yawancin mutanenmu gidan haya suke zama, ɗakuna jere, tsakar gida guda, famfo guda. Maigida ya fita tun asuba, sai bayan isha. Yarinyar da ta bi gargaɗinmu sau da ƙafa wuni take a ɗaki, ita da waya. Kuka ta ƙare cikin wata biyu. Gero kuwa akwai shi a kasuwa, amma a can rogo, doya da agade su ne abincin gari, su ne masu araha. Wadda ta ce sai tuwon gero kullum, kuɗin cefane ba ya kai mata ƙarshen mako, daga nan kuma rigima da miji ta soma.

Abin da na gani da idona shi ne, babu ƙofar da ta fi tukunya saurin buɗewa. Ba sai kin iya Faransanci ko Julanci ba. Ki ja kujera ƴar tsugunno, ki zauna kusa da mai girki, ki nuna da yatsa, ki karɓi wuƙa ki taya ta feraye. Ban taɓa ganin macen da aka ce mata "koya mini miyarki" ta ɗaure fuska ba.

Ku ɗauki miyar kwakwar manja, wadda suke ci da futu. Ana dafa ƴaƴan kwakwar, jajaye, har su yi laushi, a kirɓa a turmi sannu-sannu don kar ƙwallon ya fashe, a zuba ruwan ɗumi a murje, a tace, a mai da ruwan kan wuta da kifi ko nama da tonka har man ya taso sama. A baki kamar wasa. Amma kaurin da ake so, da lokacin sauke ta, sai wadda ta tsaya a kanki. Futu kuma, wato agade da rogo dafaffu da ake sakawa a turmi, gwanayensu su kaɗai suke yi, hannu guda taɓarya, hannu guda juyi. Mai koyo sai da ta biyu: ke kina daka, ita tana juyawa da jiƙaƙƙen hannu cikin turmin. To matar da ta sa yatsunta ƙarƙashin taɓaryarki, ku faɗa mini, ranar da naƙuda ta kama ki tsakar dare maigida ba ya nan, za ta ji ki ta yi shiru?

Na san abin da ke ran wasu iyaye: halal da haram. Gaskiyarku. Amma maganinsa tambaya. Maƙwabta da yawa Julawa ne, musulmi kamarmu, waɗanda ba musulmi ba ma sun san abin da ba mu ci, in kin faɗa sau ɗaya za su kiyaye. Kifi kuwa ga shi nan birjik. Kuma abin dariya, mazanmu sun riga mu. Aceke da soyayyen kifin teku da duk Abijan ke layi a kai, "garba" ake ce masa, don ƴan Nijar ne suka yi suna wajen sai da shi. Albasar da ake yankawa a kai ma, sau da yawa ta Galmi ce. Namiji ya ci kasuwa da abincin mutane, mu kuma mu hana ɗiya koyon dafa shi!

Kuma kar ta tafi hannu rabbana. In ta yi dambun zogale ko fura ranar Juma'a, ta zuba a kwano ta miƙa ɗakin da ya koya mata. Kwano ba ya dawowa wofi a can, kamar dai nan gida.

Ta wannan hanya ce ake shiga adashensu, wanda suke kira tontin. Ba a ɗaukar wadda ba a san ta ba, mu ma ai ba mu ba baƙuwa mabuɗin asusu. Sai dai ku ja mata kunne a nan: ta fara da zubi kaɗan, jika ɗaya ko ƙasa da haka, ta ga kwasa ta zagayo cikakkiya, ta san wa ke riƙe kuɗin, kafin ta ƙara.

In kin kira ta ranar kasuwa mai zuwa, bayan gaisuwa da tambayar maigida, ki tambaye ta sunan matar da ke ɗakin kusa da nata, da abin da ta dafa jiya.