Sabon samfurin jirgin JF-17: me zai tsinana wa hanyar Jibiya?

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya ya san cewa idan aka yi maganar jirgin yaƙin Najeriya, da shi ake. Shi ya sa ya dace mu duba wannan jirgi mai suna JF-17, wanda Pakistan da Sin suka haɗa gwiwa suka ƙera.

Jirgi ne marar nauyi, mai inji ɗaya, yana faɗa da jirage a sama, yana kuma jefa bama-bamai a ƙasa. Ya fara tashi a 2003, ana ta yi masa gyara kamar yadda ake sabunta samfurin babur. Najeriya ta karɓi guda 3 na samfuri na biyu, aka ƙaddamar da su a Makurɗi cikin watan Mayun 2021. Samfuri na uku kuwa, an sa masa sabuwar na'urar rada mai hango jirage da yawa daga nesa a lokaci guda, da hular matuƙi mai nuna masa abin hari a gaban idonsa, da makamai masu linzami masu cin dogon zango.

To, abin tambaya a nan shi ne, wane jirgi ɓarayin daji suke da shi da za a hango? Mutanen nan a kan babura suke, suna fakewa a dajin Baban Rafi da dazuzzukan Zamfara, su saje da talakawa ranar kasuwa. Akasarin gyaran nan an yi shi ne don ƙasa irin Pakistan, mai zaman doya da manja da Indiya.

Mu kuwa ba mu manta da Nachade ta Madarunfa ba. A watan Fabrairun 2022, gwamnan jihar Maraɗi na lokacin ya sanar cewa harin jirgin Najeriya da aka auna ƴan bindiga ya halaka yara 7 a ƙauyen, bisa kuskure. Ba mu ce JF-17 ne ya kai shi ba. Amma a ganina, abin da ya yi ƙaranci ranar shi ne sahihin labari daga ƙasa, da tuntuɓar juna tsakanin sojojin ƙasashen biyu. Wannan tuntuɓa kuma ta ƙara rauni bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da iyaka ta yi watanni a rufe, tumatir da albasa suka riƙa ruɓewa cikin motoci.