RA'AYINMU: Gumin Matanmu Bai Kamata Ya Ƙare A Bakin Titi Ba

'Yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano tsakanin watan Janairu da Afrilu ya san abin da muke nufi. A Kadawa da Kura da Garun Malam tumatir kan yi yawa har manomi ya rasa mai saye, wani ya ruɓe a kwando. Amma da zarar damina ta kankama, sai ka ga uwargida ta je kasuwa ta dawo da tumatir ƙwaya huɗu a leda. Tsakanin wannan arha da wannan tsada akwai sana'a babba, kuma matanmu ne suka daɗe suna riƙe da ita.

Su ne ke yanka tumatir su shanya ya zama kauɗa. Su ne ke busar da kuɓewa da tattasai da barkono, su daka yaji, su yi gabu da ganyen albasa, su tanadi zogale da zoɓorodo. A shekarar 2016 an buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, amma a shekarar ce tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonaki, masana'antar ta tsaya saboda rashin tumatir. A wannan shekara gidaje da yawa da kauɗar mata suka yi miya. To, me ya sa mai wannan aiki ita ce ta fi kowa ƙarancin riba?

Mun ga dalilai uku. Na farko, yawancin shanya a ƙasa ake yin ta, ko a bakin titi, inda ƙura da ƙudaje da awaki ke bi ta kai. Kauɗar da ta yi baƙi, ga yashi a ciki, ba ta da daraja a kasuwa. Na biyu, mace takan sayar nan take saboda buƙata, a lokacin da kaya suka fi arha, sai ɗan kasuwa ya ɓoye ya fitar da damina ya ninka kuɗinsa. Na uku, kuma dole mu faɗa ko da ba daɗi, a wasu gidajen ita ce da wahala, maigida ne da kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, saboda haka tsabta da busarwa sosai su ne sirrin sana'ar. A zaɓi lafiyayye, a wanke, a yanka da wuƙa mai tsabta, a shanya a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe da raga. A tabbata ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu, don danshi ne ke kawo fumfuna. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, wadda hedkwatarta ke Ilorin kuma tana da ofishi a Kano, ta ƙera na'urorin busarwa masu aiki da zafin rana. Mace ɗaya ba za ta iya saye ba, amma mata ashirin za su iya.

Saboda haka muna kira ga Zumuntar Mata a kowace ikilisiya, su mayar da wani ɓangare na adashinsu jarin wannan aiki: su sayi tumatir da rani, su busar tare, su ajiye a ɗaki ɗaya, su sayar da damina. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa kowa. In an kai ga ƙullawa a leda da suna don kai wa kantuna, a nemi rajistar hukumar NAFDAC tukuna.

Ku kuma maza, ku bar musu ribarsu. Mun sani sarai inda kuɗin mace ke tafiya: kuɗin makarantar yara, magani, da cefane ran da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya ba matarsa fili da goyon baya, gidansa ya gina.

Rani na zuwa. Kada mu jira sai kwanduna sun fara ruɓewa kafin mu zauna shawara. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, amin.