Hokin ƙanƙara a jami'o'in Amurka: suna ba ya sayen tikiti

Ku da kuka saba cacar baki a Facebook kan wace ƙungiya ce babba, ku zo ku ga yadda jami'o'in Amurka ke raba gardama a wasan hokin ƙanƙara. A can lissafi ne alƙali.

Jami'o'i sama da 60 ne ke buga matakin farko a ƙarƙashin hukumar NCAA, amma 16 kacal ke shiga gasar ƙasa da ake farawa a watan Maris. Akwai lig guda shida, kuma duk wadda ta ɗauki kofin lig ɗinta ta samu gurbi kai tsaye. Ragowar gurabe 10 teburin lissafi ne ke raba su. An daɗe ana amfani da PairWise, mai auna ƙungiyoyi biyu-biyu: wa ya doke wa, kuma yaya kowacce ta yi da abokan hamayya iri ɗaya. Daga kakar 2025-26 aka koma sabon ma'auni mai suna NPI.

To ga inda gizo ke saƙa. A ce jami'arku tana ta 15 a teburi, kuna ta murna. Sai ƙungiyoyi biyu da ke can ƙasa su ba da mamaki, su ɗauke kofin lig ɗinsu. Shi ke nan, an tura ku waje, wahalar wata shida ta tafi a dare guda.

Waɗanda suka tsallake ana raba su birane huɗu, huɗu-huɗu, mai ƙarfi ta fara da mai rauni. Ana kauce wa haɗa 'yan lig ɗaya a zagayen farko. Wasa ɗaya ne, ka faɗi ka tafi gida. Zakarun birane huɗun su ke haɗuwa a Frozen Four a watan Afrilu.

Zama ta ɗaya ma ba ya hana kuka. A 2019 American International ta fitar da St. Cloud State, ta ɗaya a ƙasar, da ci 2-1. A 2013 Yale da ƙyar ta samu gurbi, amma ita ta ɗauki kofin bayan ta lallasa Quinnipiac 4-0.

Ni dai ina tare da wannan tsari, duk da zafinsa. Kowa ya san ƙa'ida tun watan Oktoba, babu kamun ƙafa, kuma wasan da ka raina a farkon kaka shi zai iya hana ka tikiti a Maris. Ku fa, lissafi kuka fi yarda da shi ko zaɓin kwamiti?