Zancen Dandali: Gaya na son filin wasan yara

Duk wanda ya je Yamai ya shiga Mize, wato gidan tarihi na Bubu Hama, ba ya dawowa Gaya bakinsa rufe. An buɗe gidan a 1959. Akwai zaki, da kura, da dorina. Akwai ƙasusuwan wasu manyan dabbobi na zamanin da, da itacen nan na Tenere wanda mota ta kayar a 1973. Amma tafiyar kusan kilomita 300 ce. Uba nawa ne zai iya biya wa ɗansa kuɗin mota?

Shi ya sa ake ta cewa Gaya ma ta samu nata fili. Samari suna son lilo da wurin kokowa. Masunta suna son a sa jirgi ya riƙa yawo da baƙi bisa kogin Kwara. Wasu har zaki suke so. To, zaki dai ba ya cin dusa. Wa zai riƙa ba shi akuya?

Maganar mata ta fi nauyi. Su inuwa da shinge kawai suke nema, don yara su bar wasa a bakin kogi da bakin hanyar mota.

Saura wuri. In an ce bayan gari, to gonar wani ce, ko kuwa burtalin shanu. Manomi da makiyayi su je wurin mai gari su faɗi tasu tun ba a kafa turke ba.