Abuja zuwa Beijing: Arahar da ke janyo asara

A kan taswira, tsakanin filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja da birnin Beijing akwai kimanin kilomita 11,000. Da akwai jirgin da ke miƙewa kai-tsaye, da sa'o'i 13 zuwa 14 sun wadatar. Amma matafiyi yakan yada zango ne a Addis Ababa, Doha ko Istanbul. Ta Addis Ababa, zaman cikin jirgi kaɗai yakan kai sa'o'i 15, idan aka haɗa da jiran canjin jirgi kuwa, tafiyar takan ci sa'o'i 20 ko fiye.

Lissafin bai tsaya nan ba. Agogon Beijing yana gaban na Abuja da sa'o'i 7. Jami'in da ya zauna teburin tattaunawa da ƙarfe 9 na safe, jikinsa ƙarfe 2 na dare ya sani. Masana barci sun daɗe da lura cewa tafiya gabas ta fi wahalar da jiki, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya daidaita.

Duk da haka, sau da yawa mai tsara tafiya ranar tashi da ranar taro kawai yake dubawa. Don a rage kuɗin guzurin da ake biya da dala a kowane dare, sai a sa jami'i ya sauka da yamma, washegari ya shiga taro. Wannan tsimi ne na ganin ido. A irin waɗannan tebura ake daddale yarjejeniyoyi kamar rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na China, wanda aka shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da shi, aka buɗe a 2016. Wanda ke gyangyaɗi ba zai tantance sharaɗin ruwa da wa'adin biya ba, alhali takwaransa a gidansa ya kwana.

Masu cewa tafiye-tafiyen jami'ai na cinye dukiyar al'umma suna da hujja. Abin da ya sa ke nan gwamnati ta dakatar da tafiya waje da kuɗin baitulmali na wata uku daga Afrilun 2024. Sai dai ɓarnar tana cikin yawan 'yan rakiya ne, ba ta cikin daren da mai aiki zai huta.

Saboda haka, ya kamata duk takardar neman izinin tafiya mai nisa ta nuna sa'o'in hanya gaba ɗaya da bambancin agogo, a kuma ware cikakken yini guda na hutu kafin zaman farko. A rage tawaga zuwa waɗanda za su yi magana da waɗanda za su karanta takardu. Kuɗin mutum uku da aka bari a gida ya ishi biyan wannan dare, har da saura.