Rabin Faranti Don Yara

Duk wanda ya kai yara gidan abinci a Katsina lokacin yawon Sallah, a titin IBB ko wajen Ƙofar Kaura, ya ga wannan: a dire wa ɗan shekara uku farantin shinkafa da kaza irin na magidanci, ga yaji kamar na mai tsire. Ya yi loma biyu ya ture, ya sulale ƙarƙashin tebur, uwa na binsa da harara. Kuɗi kuwa cif za a biya. Me ya hana masu gidajen nan fito da rabin faranti marar yaji da kujerun yara? Iyaye ma da nasu laifin, sai bayan Isha'i suke fitowa, barci ya riga ya fara ɗibar yaro.