Ra'ayinmu: A Bar Wa Rafi Itatuwansa



Duk wanda ke bi ta rafin bayan makaranta ya ga yadda ake sare itatuwan bakinsa ana yin gawayi. Mu a ganinmu wannan kuskure ne, kuma ga dalilinmu.

A darasin kimiyya mun koyi cewa daji yana ciyar da kansa. Ganye ya faɗi, ya ruɓe, ƙananan halittun cikin ƙasa su mayar da shi taki, saiwa ta tsotse, itace ya sake fitar da sabon ganye. Kamar adashi ne, kowa na zubawa, kowa na kwasa. Idan aka sare itatuwa, babu saiwar da za ta tsotsi takin, sai ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi.

An taɓa gwada wannan a dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire a Amurka. Masana biyu, Herbert Bormann da Gene Likens, da abokan aikinsu suka riƙa auna ruwan ƙananan rafuka tun 1963. A ƙarshen 1965 zuwa farkon 1966 aka sare duk itatuwan wani kwari mai kimanin hekta 15, aka bar su a kwance, aka yi shekara 3 ana fesa maganin ciyawa don kada komai ya tsiro. Ruwan da ke fita daga kwarin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar farko. Sinadarin naitiret a cikin ruwan ya ninka fiye da sau 40, har ya wuce abin da aka amince mutum ya sha. Gansakuka kuma ta cika rafin.

Abin tsoron shi ne, ba a ganin naitiret da ido. Ruwa zai iya yin garau alhali ya lalace. Ga asara biyu ke nan: ƙasa ta rasa takinta, mutane da dabbobi sun rasa ruwan sha mai kyau.

Mun san wani zai ce, to da me iyayenmu mata za su yi girki? Gaskiya ne, gas da kananzir sun yi tsada. Ba mu ce a daina girki da itace ba. Roƙonmu shi ne a bar na bakin rafi, a riƙa sassabe rassa maimakon a sare daga tushe.

Muna roƙon Shugaban Makaranta ya taimaka ya kai wannan magana gaban mai unguwa. Mu kuma kowane aji ya dasa itace biyar a bakin rafin da zarar damina ta faɗi, ya kare su daga awaki, ya riƙa ba su ruwa da rani. Ajinmu ya riga ya fara tara irin darbejiya.

Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.

Daga wata ɗalibar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida